Rajistar aiki: baƙo ɗaya a kowace tsara, ya isa kuwa?

6 ga Janairu

Yau na fara ajiye bayanin aikin nan a rubuce, saboda lambobin sun fara yi min yawa a ka. Abin da nake ginawa ɗan simuleshan ne a harshen kwamfuta na Python, garken dabbobi ko gungun itatuwa na ƙarya a cikin kwamfuta, kowanne da ƙwayoyin gadonsa, suna barbara suna haihuwa suna mutuwa, ni kuma ina zaune ina kallon yadda nau'o'in ƙwayar gado, wato alil, ke ƙaruwa ko ɓacewa daga tsara zuwa tsara.

Tambaya ɗaya ce ta sa na faro shi. Masu aikin kare namun daji suna da wata ƙa'ida da suke yawan maimaitawa, wai in dai baƙo ɗaya tak zai riƙa shigowa garke daga waje a kowace tsara to barbarar dangi ba za ta cinye garken ba. Asalin maganar daga lissafin Sewall Wright ne na 1931. Ni dai tun ranar da na fara jinta take min kamar ta yi sauƙi da yawa. Baƙo ɗaya ga garken 50, baƙo ɗaya ga garken 5,000, wai duk ɗaya ne? Lissafi ya ce eh. To amma lissafin ya ɗauka kowa a garke yana da damar haihuwa daidai da kowa, kuma duk wanda ya taɓa kallon dabbobin daji lokacin barbara ya san ba haka abin yake ba. So nake in saka wa simuleshan ɗin tsarin barbara iri-iri, na dabba da na tsiro, in ga inda ƙa'idar ke tsayawa da inda take karyewa.

11 ga Janairu

Garke ɗaya, babu shiga babu fita. Na fara da gwajin Hardy da Weinberg na 1908, mai faɗin yadda alil ke rabuwa a babban garke, dan in tabbatar kod ɗin lafiyarsa lau, alil biyu kowanne rabi da rabi, garke babba, bayan tsara ɗaya rabin 'ya'yan suka fito da alil biyu daban, sauran suka rabu kwata da kwata. Daidai.

Sai na rage garken zuwa 50 na sake shi. Nan ne dirif ke nuna kansa, wato sauyin da sa'a kawai ke kawowa ba dan wani alil ya fi wani amfani ba. Kamar ka zuba duwatsu kala biyu a buhu ka riƙa ɗiba ido rufe, abin da ka ɗiba shi za ka sake cika buhun da shi, in ka daɗe kana yi wata rana kala ɗaya ce za ta rage. A lissafi, kowace tsara ana asarar 1/(2N) na bambancin da ke garken, N shi ne yawan garken, garken 50 kenan kashi 1 cikin 100 duk tsara, bayan tsara 100 abin da ya rage wajen kashi 37 ne. Garken 500 kuwa bayan tsara 100 yana nan da kusan kashi 90. Matsakaicin zagayen da na yi ya hau kan layin nan sosai, amma in ka ɗauki zagaye ɗaya ka kalla shi kaɗai sai ka ga ya yi nasa wuri, wani alil ɗin ya ɓace tun da wuri wani kuma ya yi ta jan rai har ƙarshe. Garken gaske a daji kuma zagaye ɗaya ne fa, ba matsakaici ba.

19 ga Janairu

Na haɗa tsibirai. Garke 10, kowanne da N nasa, kowace tsara wani ɗan kaso m na kowane garke baƙi ne daga sauran. Abin aunawa shi ne Fst, lambar da ke tsakanin 0 da 1 mai nuna yadda garken suka bambanta da juna. Dabarar da kowa ya sani ita ce Fst kusan 1/(4Nm+1). In Nm ya zama 1, wato baƙo ɗaya, Fst 0.2 kenan. In 5 ne ya sauka wajen 0.05, in 0.1 ne ya haura 0.7.

Kuma gaskiya girman garke bai canja komai ba. Na gwada ƙanana na gwada manya, in dai baƙo ɗaya ne duk wuri ɗaya suke tsayawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne in ka zauna ka yi tunani, a babban garke baƙo ɗaya ɗigo ne kawai, amma dirif ɗin da zai yaƙa shi ma ba shi da ƙarfi a can, a ƙaramin garke dirif na da ƙarfi amma baƙo ɗaya ma kaso ne mai tsoka, su biyun tare suke raguwa tare suke ƙaruwa sai N ya fice daga lissafin. Abin ya burge ni wallahi.

Nawa dai ba a 0.2 ya tsaya ba, wajen 0.17 yake yawo, kuma haka ya kamata, saboda dabarar Wright ta ɗauka tsibiran ba su ƙirguwa, in guda 10 ne kawai akwai gyaran da ake yi, ana ninka 4Nm da (10/9)².

2 ga Fabrairu

Ba wani sabon sakamako. Na mayar da kod ɗin kan NumPy, kayan lissafi na Python, saboda da tafiyar hawainiya yake in garke ya kai dubu. Yanzu yana gudu.

9 ga Fabrairu

Nan ne aikin ya fara daɗi. Na raba garken maza da mata, na daina barin kowa ya haihu daidai.

N ɗin da ke cikin duk dabarun nan ba adadin kawunan da za ka ƙirga a fili ba ne, Ne ne, adadin masu tasiri a gado. In yawan maza masu barbara da mata masu haihuwa bai zo ɗaya ba, Ne = 4 × maza × mata ÷ (maza + mata). Maza 50 mata 50 ya ba ka 100. Maza 10 mata 90 ya ba ka 36. Namiji 1 mata 99 kuwa bai kai 4 ba, kuma ko mata miliyan ka tara masa ba zai wuce 4 ba, tunda rabin gadon kowane ɗa daga uba ɗaya ya fito. Na saka wannan a simuleshan na ga garken kawuna 100 yana zubar da alil kamar garken guda huɗu, cikin 'yan tsararraki ya zama kowa ɗan uwan kowa.

Ba nan kaɗai ba. Ko da maza da mata daidai suke, in wasu iyayen suna tara 'ya'ya wasu ko ɗaya ba su bari, Ne na faɗuwa. Haka in garke ya taɓa durƙushewa sau ɗaya. Na gwada tsara biyar, 1,000, 1,000, 10, 1,000, 1,000, Ne na tsawon lokacin ya fito wajen 48. Tsarar nan guda ta 10 ita ta danne sauran huɗun gaba ɗaya. Misalin da ke cikin kowane littafi shi ne sil mai hancin giwa, wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa ta arewacin tekun Pasifik, wanda aka yi ta kashewa saboda mansa a ƙarni na 19 har ragowar da suka tsira a tsibirin Guadalupe na Meziko ba su kai 100 ba. Yau sun haura 100,000 nesa ba kusa ba, amma da Bonnell da Selander suka duba wurare 24 na gadonsu a 1974 ba su sami bambanci ko a guda ba. Ga shi kuma dabba ce da 'yan ƙalilan manyan maza ke mamaye matan bakin teku, abu biyu kenan suka haɗu mata. Richard Frankham ya tattara alƙaluman namun daji a 1995 ya ga a matsakaici Ne bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na adadin kawuna ba.

To ga inda abin ya taɓa tambayata. Baƙon da dabarar ke nufi shi ne wanda ya shigo kuma ya haihu. In a garken nan mutum ɗaya cikin goma ne ke barin zuriya mai tasiri, baƙo ma layi ɗaya zai bi, sai goma sun shigo kafin a ce ɗaya ya shigo. Saurayin namiji da ya iso garken da wani ƙato ya riga ya mallake, ya zauna a gefe ya tsufa ya mutu, a ido an ga baƙo, a gado babu wanda ya zo. Mills da Allendorf a 1996 sun ce a ɗauki ɗaya a matsayin mafi ƙaranci, a nemi tsakanin 1 zuwa 10. Yanzu na ga daga ina goman ta fito.

Na kuma bar wa kod ɗin zaɓin wane jinsi ke yin ƙaura. Greenwood ya nuna tun 1980 cewa a dabbobi masu shayarwa yawanci maza ne ke barin gida, a tsuntsaye kuma mata. Wannan yana bayyana a DNA ɗin maitokondiriya, wani ɗan sashe na ƙwayar halitta mai nasa gadon daban, wanda ta wajen uwa kawai ake gadonsa. Koren kunkurun teku misali, matan suna komawa gaɓar da aka ƙyanƙyashe su su yi ƙwai, shi ya sa maitokondiriyarsu ta bambanta sosai daga gaɓa zuwa gaɓa, alhali sauran gadon ya fi gaurayuwa saboda maza ba su tsaya wuri ɗaya wajen barbara ba.

23 ga Fabrairu

Sati biyun nan duk a kan tsirrai na ƙare, kuma sun fi dabbobi rikitarwa ta wata fuskar. Itace ba ya tafiya, amma gadonsa na tafiya ta hanya biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, ƙurar fure da iri. Ƙurar fure kwafi ɗaya take ɗauke da shi, na uba. Iri kwafi biyu, na uwa da na uba. Sannan kulorofilas, koren sashen ƙwayar tsiro mai nasa gadon daban, a yawancin tsirrai masu fure ta wajen uwa yake bi, cikin iri kenan kawai, ƙura ba ta kai shi ko'ina. A dangin itacen fayin, mai ganye kamar allura, abin juyewa ya yi, kulorofilas ta wajen uba maitokondiriya ta wajen uwa, shi ya sa masu bincike ke son su, alama biyu kyauta.

Na saita gungu mai itace 200, ƙaurar iri 0.001, ƙaurar ƙura 0.1, ƙura ta fi iri sau 100 kenan. Fst na gadon tsakiya, wanda ake samu daga iyaye biyu, ya kwanta wajen 0.02. Na kulorofilas ya haye wajen 0.7. Itatuwa ɗaya, daji ɗaya, in ka duba alama ta farko ka ce duk gida ɗaya ne, in ka duba ta biyu ka ce ba su taɓa haɗuwa ba. Richard Ennos ya fitar da dabara a 1994 da ke juya lambobin nan biyu ta ba ka rabon ƙura da iri, na zuba nawa a ciki ta dawo min da 100 ɗin da na saka, na ji daɗi. A itacen ok na Turai rabon da ya samu ya haura 100.

Ok ɗin nan labarinsa ya isa a tsaya a kai. Petit da abokan aikinsa sun duba kulorofilas a gungu fiye da 2,600 a faɗin Turai suka wallafa a 2002, sai ga taswira ta fito da layuka a sarari daga mafaka uku na kudu inda itatuwan suka laɓe lokacin ƙanƙara, yankin Sipaniya da Fotugal, Italiya, da Balkan. Iska ta yi shekaru dubbai tana gauraya ƙurar furensu har gadon tsakiya ya kusa zama ɗaya, amma sawun da iri ya bi zuwa arewa yana nan bai goge ba. Kuma tun 1899 Clement Reid ya lura cewa in da ƙwallon ok faɗuwa kawai yake a gindin uwa, da sai ya yi kusan shekara miliyan kafin ya kai arewacin Birtaniya, alhali ƙanƙarar ba ta fi shekara dubu goma sha wani abu da janyewa ba. Dole akwai ɗaiɗaikun iri da tsuntsaye ke kaiwa nesa.

Saboda haka na cire tsarin tsibirai na jera itatuwan a fili, kowanne da wurinsa, nisan da ƙura za ta yi kuma ana ɗiba daga wani lanƙwasa. Na gwada iri biyu masu matsakaicin nisa ɗaya, ɗaya mai gajeriyar jela ɗaya mai doguwa, wato yawanci kusa amma jefi-jefi wata ta yi nisan da ba a zata ba. Mai gajeriyar jela ta ba da abin da Wright ya bayyana a 1943, maƙwabta sun yi kama, bambanci na ƙaruwa da nisa a hankali. Mai doguwar jela kuwa 'yan tsirarun nan masu dogon zango su suka riƙe dajin a haɗe.

In kana ganin dogon zango wasa ne, duba baure. A kogin Ugab na hamadar Namib, Ahmed da abokan aikinsa sun yi gwajin uba ga 'ya'yan bauren da ke jere a bakin kogin, rahoton ya fito a 2009, suka sami ƙurar da ta yi har kilomita 160 tsakanin uba da uwa. Mai ɗaukar ta 'yar mitsitsiyar rina ce da ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu a duniya, iskar dare ce ke kwasarta, kuma tafiyar daga gabas zuwa yamma take. A Amazon ta Brazil ma Christopher Dick ya nuna a 2001 cewa manyan itatuwan Dinizia da aka bari tsaye su kaɗai a filin kiwo bayan an sare daji ba su mutu a gado ba, ƙudan zumar Afirka da suka bazu a can suna kai musu ƙura daga nisan da ya kai kilomita 3. Wanda zai kalli itace ɗaya tilo a fili ya ce ai wannan ya yanke da 'yan uwansa, sai ya fara tambayar wa ke ziyartar furensa.

3 ga Maris

Barbarar kai. Tsirrai da yawa suna iya yi wa kansu, na saka s a matsayin kason irin da aka samu ta haka. Ma'aunin barbarar dangi yana tsayawa a s/(2−s), in s rabi ne ya ba da kashi ɗaya cikin uku, in 0.9 ne ya haura 0.8, in duka ne Ne ya koma rabin N. Sannan ƙurar waje ba ta samun shiga tunda fure ya riga ya gama da kansa, ƙofa ɗaya cikin biyu ta rufe kenan. Bitar Hamrick da Godt ta nuna haka a tsirran gaske, masu barbarar kai kusan rabin bambancinsu tsakanin gungu yake, masu dogaro da iska kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma.

Darwin ya yi wannan da hannunsa tun kafin a san ƙwayar gado, ya bi furen Ipomoea har tsara goma yana gwada tsayin 'ya'yan barbarar kai da na waje, littafin ya fito a 1876. Haƙurin mutumin nan dai sai shi.

Akasin haka kuma akwai tsirran da ke ƙin ƙurar duk wanda suka haɗa alil na S da shi. Ban saka shi a kod ba tukuna amma ina so, saboda a ƙaramin gungu dirif na iya cinye alil ɗin S har ya zama kowa ya haramta ga kowa, fure ya buɗe ƙwari su zo amma babu iri. Hakan ta faru da wata 'yar fulawa a jihar Illinois ta Amurka, Hymenoxys, DeMauro ta ba da rahoto a 1993, ragowar duk nau'i ɗaya suka zama sai da aka haɗa su da na wani wuri suka yi iri.

15 ga Maris

Wannan karon lokaci na auna, kuma shi ya fi tayar min da hankali. Na bar tsibirai suka daidaita sannan na datse ƙaura gaba ɗaya, m ya koma sifili, in ga yaushe Fst zai farga. A garken 1,000 bayan tsara 10 ƙarin bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, abin da ba za ka iya bambanta shi da hayaniyar samfur ba. In itace ne da tsararsa ke ɗaukar shekara 50, shekara 500 kenan da yankewa amma alƙalami na cewa lafiya lau. Ko da akwai ƙaura, rabin hanyar zuwa daidaito na ɗaukar kusan 0.69/(2m + 1/2N), ga N 1,000 da baƙo ɗaya wajen tsara 277 ne, ga N 50 wajen 14. Ninka 277 da shekara 50 ka ga ka koma zamanin ƙanƙara.

Ma'ana in mutum ya auna Fst yau ya juya dabarar ya ce baƙi kaza ke shigowa duk tsara, labarin kakannin kakanni yake bayarwa, ba na titin da aka shimfiɗa ta tsakiyar dajin shekara 30 da suka wuce ba. Whitlock da McCauley sun rubuta takarda sukutum a 1999 a kan wannan, kuma har yanzu ina cin karo da rubuce-rubucen da ke juya dabarar kai tsaye kamar ba a taɓa faɗa ba. A ganina in ana son sanin abin da ke faruwa yanzu gwajin uba da uwa ne hanya, a kama ɗa a nemo iyayensa, irin na bauren can. Ya fi tsada ya fi wahala, amma shi ke amsa tambayar.

29 ga Maris

Na ƙara alil masu cutarwa waɗanda ba su bayyana sai an gaje su ta ɓangare biyu. Da wannan ne baƙo ya daina zama lamba kawai, domin 'ya'yansa sun fi na gida lafiya, abin da ya lalace a ɓangaren uwa nasa ya rufe.

Labari biyu nake ta gwada simuleshan ɗin da su. Na farko fumar Florida ta Amurka, wata babbar kyanwar daji. Farkon shekarun 1990 sun ragu zuwa 20 ko 30, ga karyayyar jela, ga ciwon zuciya, ga maza da yawa da 'ya'yan marainansu ba su sauko ba. A 1995 aka kawo mata 8 daga Texas, 5 suka haihu, rahoton 2010 ya nuna adadin ya ninka kusan sau uku kuma alamun nan sun ragu. Irin haka aka gani a Smygehuk na kudancin Suwidin da wani maciji dangin kububuwa, aka kawo maza 20 a 1992 garken ya farfaɗo.

Na biyu kyarketan Isle Royale, tsibiri a tafkin Superior da ke tsakanin Amurka da Kanada. Sun tsallaka kan ƙanƙara ƙarshen shekarun 1940, ana bibiyarsu tun 1958, sun taɓa kai 50 a 1980. A 1997 wani namiji ya tsallako daga Kanada. Garken ashirin da 'yan kai ne lokacin, in da sa'a ce kawai rabonsa a gado bai fi kashi 4 cikin 100 ba. Cikin kusan shekara goma kashi 56 na gadon tsibirin nasa ne. Ya fi kowa ƙarfi, 'ya'yansa sun fi kowa, har da 'yarsa ya haihu, zuriyar sauran ta bi ruwa. Zuwa 2016 kyarkeci biyu suka rage, uba da 'yarsa, kuma uwarsu ɗaya. An gudu ba a tsira ba. Sai da aka kawo 19 daga waje tsakanin 2018 da 2019.

Simuleshan ɗin ya fitar da duka biyun ba tare da na tilasta masa ba, abin da na canja kawai rufin da garke zai iya kaiwa da yawan baƙin. In akwai filin ƙaruwa kuma baƙin sun fi ɗaya ba dangin juna ba, lafiya na hawa ta daɗe a sama. In rufin ƙasa yake kuma baƙo ɗaya ne ya zo sau ɗaya, sai ka ga tsalle na tsara biyu ko uku, gadonsa ya mamaye, sannan barbarar dangi ta dawo ta kansa, har da nasa munanan alil ɗin da ya shigo da su a ɓoye daga babban garke inda ba su taɓa haɗuwa da irinsu ba. Ƙa'idar ta ce a kowace tsara, mutane sun riƙe baƙo ɗayan sun yar da sauran jimlar. A Isle Royale gadar ƙanƙarar da baƙi ke bi ba ta yawan haɗuwa kamar da, kuma tsibirin ba zai ƙara faɗi ba. Fumar Florida ma ban ce ta tsira ba, garke ɗaya ne a kudancin jihar, motoci na kashe su duk shekara, kuma lissafina na 11 ga Janairu yana nan yana cin kasonsa duk tsara.

10 ga Afrilu

Abin da ya rage shi ne ɓangaren da baƙo ke zama matsala. Har yanzu duk tsibiraina muhallinsu ɗaya, alil mai kyau a nan mai kyau ne a can. Na fara rubuta sashen da kowane gungu zai sami nasa yanayin, inda gadon baƙo zai iya zama bai dace da wurin ba. A ƙa'ida alil na gida yana tsira ne in ƙarfin zaɓin yanayi s ya fi m, in ƙaura ta rinjaya sai ta wanke shi.

Abin da zan gwada da shi ciyayin tsofaffin ma'adinai ne na Wales, aikin Bradshaw da McNeilly da Antonovics na shekarun 1960 zuwa 1970. Ciyawar Agrostis da Anthoxanthum da ke kan ƙasa mai gubar dalma da tutiya da jan ƙarfe suna jure gubar, 'yan uwansu da ke 'yan mitoci kaɗan a makiyaya ba su jurewa, alhali iska na kai ƙura tsakaninsu kullum. A ma'adinin Trelogan har lokacin fure ya goce tsakanin na kan ma'adini da na waje, kuma na kan ma'adinin sun fi yin barbarar kai. Wannan na biyun nake son gani ko zai fito da kansa, dan haka s na barbarar kai dole ya zama abin gado a kod ɗin, ba lambar da nake sakawa da hannu ba. Sai na sake fasalin yadda ake zaɓen uba kenan, kuma zan canja wa ɗaya daga cikin s biyun suna kafin su rikita ni. Alil ɗin S na ƙin ƙura zai jira sai bayan wannan in sha Allah.